Sauyawar Girman Ayon a Kimiyyar Sinadarai: Dalilai, Ma'auni da Iyakar Alƙaluma

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin yadda girman ayon ke sauyawa daga wani sinadari zuwa wani, da kuma yadda ayon guda yake canza girma idan cajinsa ko maƙwabtansa suka canza. Ta bibiyi hanyoyin da masana suka bi daga 1920 zuwa 1976 wajen fitar da alƙaluman da ake koyarwa a yau, ta bayyana dalilan da ke sa ayon ya kumbura ko ya tsuke, sannan ta nuna wuraren da alƙaluman suke aiki da wuraren da suke gazawa.

Gabatarwa

Ƙwayar zarra ta ƙunshi cibiya wadda ke ɗauke da furoton masu caji mai alamar tarawa, da kuma elektoron masu caji mai alamar ɗebewa waɗanda suke jere hawa-hawa a kewayen cibiyar. Idan adadin furoton da na elektoron suka yi daidai, ƙwayar ba ta da caji. Idan ta rasa elektoron ɗaya ko fiye ta zama katayon, wato ayon mai alamar tarawa kamar Na⁺, idan kuma ta karɓi ƙari ta zama anayon, wato ayon mai alamar ɗebewa kamar Cl⁻. Ana bayyana girman ayon da radiyos, ma'ana nisan da ke tsakanin cibiya da inda ake ɗauka gefensa yake, kuma ma'aunin da aka saba amfani da shi shi ne fikomita, wanda ake taƙaitawa da pm, wato kashi ɗaya cikin tiriliyan ɗaya na mita.

Matsalar farko ita ce ayon ba shi da gefe na zahiri, domin ilimin kwantam ya nuna cewa yiwuwar samun elektoron tana raguwa ne sannu a hankali yayin da ake nisa da cibiya, ba tare da ta yanke a wani wuri takamaimai ba. Abin da na'ura ke iya aunawa kai tsaye shi ne tazarar da ke tsakanin cibiyoyi biyu maƙwabta a cikin kiristal, wato daskararren abu wanda ayon ɗinsa suke jere bisa tsari mai maimaita kansa. Duk wani radiyos da aka rubuta a littafi kaso ne da aka yanka daga wannan tazara.

Yadda aka raba tazarar

A 1913 William Henry Bragg da ɗansa William Lawrence Bragg, a Ingila, suka yi amfani da karkacewar hasken eksre wajen gano tsarin gishirin girki, NaCl, inda ya bayyana cewa kowane Na⁺ yana kewaye da Cl⁻ shida, kowane Cl⁻ kuma yana kewaye da Na⁺ shida. Tazarar da ke tsakanin cibiyar sodiyam da ta kulorin a wannan gishiri ita ce pm 282. Da aka auna sauran gishirin da ke da irin wannan tsari, sai aka lura da wani daidaito mai jan hankali: tazarar a KCl ta kai kimanin pm 315, wato ta fi ta NaCl da 33, a KF tana kusa da 267 yayin da a NaF take 231, bambanci 36, a KBr da NaBr kuma bambancin bai wuce 31 ba. Tunda musanya sodiyam da fotasiyam yana ƙara kusan adadi ɗaya ko da wane anayon aka haɗa su, to akwai dalilin ɗaukar kowane ayon a matsayin ƙwallo mai nasa radiyos, tazarar kuma jimillar radiyos biyu. Sai dai wannan lissafi bambanci kawai yake bayarwa. Lamarin ya yi kama da gonaki biyu da aka san tsawonsu a haɗe amma ba a kafa shaidar iyaka a tsakaninsu ba: sai an tsayar da girman ɗaya kafin a san na ɗayar.

Alfred Landé ya kawo mafita ta farko a 1920, inda ya ɗauki LiI, gishirin da katayon ɗinsa ƙarami ne ƙwarai, anayon ɗinsa kuma babba, ya yi hasashen cewa a irin wannan yanayi manyan I⁻ suna taɓa juna, Li⁺ kuma yana zaune a ramin da ke tsakaninsu. Idan haka ne, rabin tazarar da ke tsakanin I⁻ biyu shi ne radiyos ɗin I⁻, wanda ya kama kimanin pm 213, daga nan kuma a cire shi daga tazarar sauran gishirin ayodin a samu na katayon. A 1923 Jarl Wasastjerna, masani ɗan ƙasar Finlan, ya bi ta hanyar yadda ayon ke lanƙwasa haske, ya ba O²⁻ pm 132, F⁻ kuma 133, kuma a kan waɗannan alƙaluma ne Victor Goldschmidt ya gina babban jadawalinsa a Oslo a 1926.

Linus Pauling ya bi wata hanya dabam a 1927. Ya zaɓi gishirin da ayon ɗinsu biyu suke da adadin elektoron iri ɗaya, kamar NaF inda Na⁺ da F⁻ kowanne yake da goma, ya ce girman kowanne zai yi daidai da kishiyar ƙarfin jan da cibiyarsa ke yi wa elektoron na waje. Da ya rage kimanin 4.5 daga adadin furoton saboda shamakin da sauran elektoron ke yi, sai sodiyam ya tashi da 6.5, fulorin da 4.5, kuma raba pm 231 bisa wannan ma'auni ya ba Na⁺ pm 95, F⁻ kuma 136. Ta wannan hanya O²⁻ ya tashi da pm 140. Bambancin pm 8 tsakanin oksijin ɗin Pauling da na Goldschmidt ba ƙaramin abu ba ne, domin yawancin radiyos na ƙarafa daga tazararsu da oksijin ake ciro su, don haka duk wani sauyi a wannan ginshiƙi yana bin dukan jadawalin.

Alƙaluman da aka fi dogaro da su a yau sun fito ne daga aikin Robert Shannon da Charles Prewitt na 1969, wanda Shannon ya sake dubawa ya faɗaɗa a 1976 bayan tattara tazarorin da aka auna a ɗimbin kiristal na oksayid da fulorayid. Shannon ya fitar da jeri biyu. Na farko ya riƙe O²⁻ a pm 140 kamar yadda aka saba, na biyu kuma ya sauke shi zuwa 126, ta yadda kowane katayon ya ƙaru da pm 14, kowane anayon ya ragu da 14, jimillar kuma ba ta canza ba. Jeri na biyu ya fi kusa da abin da taswirar yawan elektoron ke nunawa game da wurin da cunkosonsu ya fi raguwa tsakanin ayon biyu, amma na farko ya fi yaɗuwa a littattafai, kuma shi wannan takarda ta yi amfani da shi, ga ayon mai maƙwabta shida, sai inda aka faɗi akasin haka.

Ja, ture da hawa

Abubuwa uku ne ke tsayar da girman ayon tun kafin a yi maganar muhallinsa: yawan hawan da elektoron suka mamaye, ƙarfin jan cibiya, da turin da elektoron ke yi wa juna. Sodiyam yana da furoton 11 da elektoron 11, guda ɗaya daga ciki yana zaune shi kaɗai a hawa na uku. Idan wannan ɗaya ya tafi, hawa na ukun ya tafi gaba ɗaya, sauran goma kuma suna ƙarƙashin jan furoton 11 ɗin nan, shi ya sa radiyos ya faɗo daga pm 186 a cikin ƙarfen sodiyam zuwa 102 a Na⁺, abin da ke nufin girman cikinsa ya koma kusan kashi ɗaya cikin shida. Kulorin kuwa yana da furoton 17, kuma idan ya karɓi elektoron na 18 jan cibiya bai ƙaru ba amma turi ya ƙaru, sai gajimaren elektoron ya buɗe zuwa pm 181.

A nan akwai wani kwatanci da littattafan makaranta suka saba yi wanda ke buƙatar taka-tsantsan. Sukan ajiye pm 99 na ƙwayar kulorin kusa da 181 na Cl⁻ domin nuna cewa anayon ya kusan ninka ƙwayarsa, alhali 99 ɗin rabin tazara ce a cikin Cl₂, inda ƙwayoyi biyu suka shige cikin juna saboda tarayya a elektoron. Idan aka auna ƙwayar kulorin a inda take taɓa maƙwabciyarta ba tare da ɗauri ba, radiyos ɗinta kimanin pm 175 ne, wanda bai yi nisa da 181 ba. Gaskiya ne anayon ya fi ƙwayarsa girma, amma ba da irin ratar da wancan kwatanci ke nunawa ba.

Tasirin jan cibiya ya fi fitowa fili a jerin ayon masu adadin elektoron iri ɗaya. O²⁻, F⁻, Na⁺, Mg²⁺ da Al³⁺ duka suna da elektoron goma a hawa biyu, abin da ya bambanta su kawai shi ne furoton, daga 8 zuwa 13, kuma radiyos ɗinsu yana saukowa daga 140 zuwa 133, 102, 72 da 53.5. Ƙa'idojin da John Slater ya tsara a 1930 suna ba da hanyar ƙiyasta cajin da elektoron na waje ke ji a zahiri bayan an cire shamakin 'yan'uwansa: a tsarin elektoron goma, kowanne daga bakwai da ke hawa ɗaya da shi yana tare 0.35, kowanne daga biyu na ciki yana tare 0.85, jimilla 4.15. Saboda haka elektoron na waje a O²⁻ yana jin 3.85, a Na⁺ yana jin 6.85, a Al³⁺ kuma 8.85. Haka abin yake a jerin masu elektoron 18, inda S²⁻ yake da 184, Cl⁻ 181, K⁺ 138, Ca²⁺ kuma 100. Mai lura zai ga cewa ratar da ke tsakanin anayon biyu, 7 a jeri na farko da 3 a na biyu, ta yi ƙanƙanta ƙwarai idan aka gwada ta da 30 zuwa 38 da ke tsakanin katayon biyu na farko. Dalili shi ne anayon mai caji biyu kamar O²⁻ ba ya tsayuwa shi kaɗai a sarari, sai a cikin kiristal inda katayon da ke kewaye da shi suke riƙe shi suna kuma matse shi.

Idan aka gangaro cikin rukuni guda na jadawalin sinadarai, kowane mataki yana ƙara hawa ɗaya, don haka girma yana ƙaruwa duk da ƙaruwar furoton: Li⁺ 76, Na⁺ 102, K⁺ 138, Rb⁺ 152, Cs⁺ 167, haka F⁻ 133, Cl⁻ 181, Br⁻ 196, I⁻ 220. Ƙarin bai zama bai ɗaya ba, domin daga Na⁺ zuwa K⁺ an ƙara 36, amma daga K⁺ zuwa Rb⁺ 14 kacal, saboda a tsakaninsu an cika obital biyar na nau'in d, wato wuraren zaman elektoron waɗanda ba su iya tare jan cibiya sosai. Da yake gangarowa tana ƙara girma, matsawa dama kuma tana rage shi, ayon da ke karkace da juna a jadawali sukan yi kusan daidai: Li⁺ 76 da Mg²⁺ 72, ko Na⁺ 102 da Ca²⁺ 100. Wannan kusanci na biyu shi ya sa sodiyam da kalsiyam suke maye gurbin juna a ma'adinin filajiyokilas da ke cikin duwatsu masu yawa.

Ayon ɗaya, girma da yawa

Sinadarin da ke iya ɗaukar caji fiye da ɗaya yana tsukewa yayin da cajin ke hawa. Ƙarfe a matsayin Fe²⁺ yana da pm 78, a matsayin Fe³⁺ kuma 64.5, manganis yana saukowa daga 83 a Mn²⁺ zuwa 64.5 a Mn³⁺ da 53 a Mn⁴⁺. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, tunda furoton suna nan yadda suke, elektoron ne ke raguwa.

Abin da ya fi muhimmanci, kuma aka fi mantawa da shi, shi ne adadin maƙwabta, wato yawan ayon masu kishiyar caji da ke taɓa ayon ɗin da ake magana a kansa. A jadawalin Shannon, Na⁺ yana da pm 99 idan maƙwabtansa huɗu ne, 102 idan shida ne, 118 idan takwas ne, 139 kuma idan goma sha biyu ne. Sodiyam mai maƙwabta goma sha biyu ya kai girman fotasiyam mai maƙwabta shida. Dalilin ba wai katayon ɗin ne ya ƙara elektoron ba. Anayon ne idan suka yi yawa a kewayensa suke ture juna, ba sa samun damar matsowa kusa, jan da katayon ke yi kuma ya rabu a tsakanin maƙwabta da yawa, sai kowace tazara ta tsawaita, a kuma rubuta ƙarin a kan katayon tunda an riga an daskarar da girman anayon.

A ƙarafan da ke da elektoron a obital na d akwai wani sauyi na daban. Idan maƙwabta shida suka kewaye irin wannan ayon, obital biyar na d sukan rabu gida biyu: uku masu ƙarancin makamashi da ke fuskantar tsakanin maƙwabta, da biyu masu yawan makamashi da ke fuskantar maƙwabtan kai tsaye. Fe²⁺ yana da elektoron shida a nan. Idan suka warwatsu a duka biyar ɗin, biyu daga cikinsu za su zauna a obital masu fuskantar maƙwabta su tura su baya, radiyos ya zama 78. Idan kuwa suka zauna bibbiyu a obital uku na ƙasa, hanya ta buɗe wa maƙwabta su matso, radiyos ya sauko zuwa 61. Wannan bambanci yana aiki a jikin ɗan Adam, domin a cikin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini, ƙarfen da bai riƙe oksijin ba yana cikin tsarin warwatse, ya yi wa ramin da ke tsakiyar zoben him da ke riƙe da shi girma, don haka yana ɗan fitowa daga shimfiɗar zoben; da zarar oksijin ya ɗauru sai ya koma tsarin bibbiyu, ya tsuke, ya shige ramin, ya ja sashen furotin da ke maƙale da shi. Max Perutz ya bayyana wannan motsi a 1970 a matsayin abin da ke tayar da sauyin siffar da ke sauƙaƙa wa sauran sassan himogulobin karɓar oksijin.

Tsukewar lantanayid

Daga lantanam mai lamba 57 zuwa lutetiyam mai lamba 71, wato jerin lantanayid, ana cika obital na f da elektoron goma sha huɗu, waɗanda suka fi na d ma rauni wajen tare jan cibiya, saboda haka radiyos na ayon mai caji uku yana raguwa a hankali daga pm 103 a La³⁺ zuwa 86 a Lu³⁺. Goldschmidt ne ya fito da wannan lamari fili a 1925. Raguwar da ke tsakanin sinadari da na kusa da shi ba ta kai pm 2 ba a mafi yawan lokuta, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa raba waɗannan ƙarafa da juna yake da wahala da tsada.

Babban sakamakonta yana bayyana ne a sinadaran da suka biyo baya. Hafniyam yana ƙasa da zarkoniyam a rukuni ɗaya, yana da ƙarin hawa guda da ƙarin furoton 32, amma tsukewar ta cinye ƙarin girman da hawan ya kamata ya kawo, sai Zr⁴⁺ ya tashi da 72, Hf⁴⁺ kuma 71. An gano zarkoniyam a 1789, amma hafniyam ya ci gaba da ɓuya a cikin ma'adinansa har 1923, lokacin da Dirk Coster da George de Hevesy suka gano shi a Kofanhagan ta hanyar hasken eksre. Raba su ya zama dole a masana'antar nukiliya, domin zarkoniyam yana barin niyutoron su wuce, hafniyam kuwa yana shanye su. Haka Nb⁵⁺ da Ta⁵⁺ suke, kowanne pm 64, abin da ya sa aka daɗe ana ɗaukar niyobiyam da tantalam abu ɗaya bayan gano su a 1801 da 1802, kuma shi ya sa suke zama tare a cikin kolumbayit, ma'adinin da ake samu tare da kuza a tsaunukan Jos, wanda Nijeriya ta kasance kan gaba a duniya wajen fitar da shi a shekarun 1950. Goldschmidt ya tsara ƙa'idar da ke bayan wannan zama tare: ayon biyu masu caji ɗaya da bambancin girmansu bai wuce kashi 15 cikin ɗari ba suna iya maye gurbin juna a kiristal cikin sauƙi.

Inda alƙaluma ke gazawa

Ana amfani da rabon radiyos, wato radiyos na katayon a raba da na anayon, wajen hasashen tsarin kiristal. Lissafin siffofi ya nuna cewa rabo tsakanin 0.225 da 0.414 ya dace da maƙwabta huɗu, tsakanin 0.414 da 0.732 ya dace da shida, sama da haka kuma takwas. NaCl mai rabo 0.56 yana da shida, CsCl mai 0.92 yana da takwas, kamar yadda aka yi hasashe. Amma KCl mai 0.76 da RbCl mai 0.84 duka suna da maƙwabta shida a yanayi na yau da kullum, saɓanin ƙa'idar, don haka bai kamata a koyar da ita a matsayin doka ba.

Azurfa ta fi fito da raunin. Ag⁺ yana da pm 115, ya fi Na⁺, kuma a fulorayid haka abin yake, tunda tazarar AgF pm 246 ce, ta NaF kuma 231. A kulorayid sai lamarin ya juye: tazarar AgCl pm 277 ce, ƙasa da 282 na NaCl, kuma ƙasa da 296 da jimillar radiyos ke bayarwa. Ag⁺ yana jan gajimaren elektoron na Cl⁻ zuwa gare shi har su fara tarayya, irin yanayin da Kazimierz Fajans ya bayyana a 1923, kuma da zarar ɗauri ya soma zama na tarayya, ɗaukar ayon a matsayin ƙwallaye masu tauri ya daina aiki.

A cikin ruwa kuma jerin girma yana kifewa. Li⁺ shi ne mafi ƙanƙanta a rukuninsa, amma saboda cajinsa ya taru a ƙaramin wuri yana riƙe ƙwayoyin ruwa da ƙarfi, yana jan su duk inda ya nufa, shi ya sa ya fi Na⁺ da K⁺ nauyin tafiya idan aka saka wutar lantarki: a ma'aunin ɗaukar lantarki a zafin digiri 25, Li⁺ yana da kimanin 39, Na⁺ 50, K⁺ kuma 74. Wannan ne ya warware wani abin mamaki a ilimin halittu, wato yadda mashigar fotasiyam da ke fatar ƙwayoyin jiki take barin K⁺ mai pm 138 ya wuce ta hana Na⁺ mai 102. Tsarin mashigar da Roderick MacKinnon da abokan aikinsa suka fitar a 1998, wanda ya kai shi ga lambar Nobel a 2003, ya nuna cewa dole ayon ya tuɓe ruwan da ke jikinsa kafin ya shiga, kuma ƙwayoyin oksijin da ke jere a bangon mashigar suna daidai tazarar da za su maye wa K⁺ gurbin ruwan, yayin da Na⁺ ba ya samun abin da zai biya masa makamashin tuɓewar.

Saboda waɗannan dalilai, radiyos da aka rubuta ba tare da caji, adadin maƙwabta, tsarin elektoron da sunan jadawalin da aka ciro shi ba, bai cika ba. Wanda ya ɗauki Na⁺ daga jerin Shannon na biyu, pm 116, ya haɗa shi da Cl⁻ daga jeri na farko, pm 181, zai samu 297 a inda na'ura ta auna 282, alhali kowane jeri shi kaɗai yana ba da 283. Wajibi ne malamai da marubutan littattafan kimiyya su tsaya a kan jadawali guda a duk lissafin da suke yi, su kuma faɗa wa ɗalibi wanne ne.